Manhajojin kwaikwayon yanayi: in bakinsu ya zo ɗaya, hujja ce ko 'yan gida ɗaya ne?

Ɗalibar Yanayi:
Assalamu alaikum, malamaina da 'yan uwa. Wani abu ne ya tsaya mini a rai tun makon jiya, na ce bari in kawo shi nan tunda akwai waɗanda suka fi ni sanin harkar. Ina aikin digiri na biyu a kan yadda zafi da ruwan sama za su sauya zuwa ƙarshen ƙarnin nan. Na sauke sakamakon manhajojin kwaikwayon yanayi guda 24 daga taskar CMIP6, wato zagaye na shida na shirin duniya da ke kwatanta irin waɗannan manhajoji, na haɗa su na fitar da matsakaici, kamar yadda na ga ana yi a takardun bincike da yawa. Da na kai wa malamin da ke duba aikina, sai ya ɗago kai ya ce, "Wa ya gaya miki kowace ƙuri'a ɗaya gare ta?" Ya ce wasu daga cikinsu sun cika zafi, wasu kuma uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Bai ƙara komai ba ya miƙo mini takardar. To yanzu ina tsaka mai wuya. In na cire wasu, ba zaɓen amsar da ta yi mini daɗi na yi ba? In kuma na bar su duka, ashe shaida ɗaya na ƙirga sau uku ko huɗu ke nan?

Injiniya:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, ba fannina ba ne, amma tambayarki ta sosa mini inda yake yi mini ƙaiƙayi. Na karanta cewa in aka ninka iskar kabon da ke sama, manhajojin CMIP6 suna ba da ƙarin zafi daga digiri 1.8 har zuwa 5.6 a ma'aunin Salshiyas. A wajen aikinmu, in ma'aunai suka yi irin wannan saɓani a kan abu ɗaya, ba matsakaici ake fitarwa ba, ajiye su ake yi a nemo wasu. Inda bakinsu ya zo ɗaya ma hankalina bai kwanta ba. Cibiyoyin nan tare suke zama, tare suke tsara gwaji, suna karanta aikin juna. Ɗalibai in sun zauna kusa da juna a jarrabawa, ai amsarsu takan yi kama.

Baba Tsohon Malami:
Injiniya, ɗana, tambayar ce aka daidaita, ba amsar ba. Bari in koma baya kaɗan.

Kafin 1990 kowace cibiya gwajinta take yi yadda ta ga dama. Wannan ya ninka kabon lokaci guda, wancan ya yi amfani da teku marar zurfi, wani kuma ya kafe zafin tekun bai bar shi ya motsa ba. In sakamako ya bambanta, ba wanda zai iya cewa daga manhajar ne ko daga yadda aka yi tambayar. Rahoton Charney na 1979, wanda ya ce ninka kabon zai kawo digiri 1.5 zuwa 4.5, a kan aikin ƙungiyoyi biyu kawai ya fi dogara: ta Syukuro Manabe da ta samu wajen digiri 2, da ta James Hansen da ta samu wajen 4.

Sai Larry Gates da abokan aikinsa a cibiyar Livermore ta Kalifoniya suka jagoranci gwajin AMIP. Suka ce kowa ya karɓi zafin saman teku da ƙanƙarar teku na gaske, na shekarun 1979 zuwa 1988, ya zuba wa manhajarsa, mu ga irin iska da ruwan da za ta fitar. Daga nan aka fara ganin kurakurai ƙuru-ƙuru, domin babu sauran wurin ɓuya. A 1995 kuma shirin binciken yanayi na duniya, WCRP, ya kafa CMIP domin manhajojin da suka haɗa teku da sama wuri ɗaya. Ɗaya daga gwaje-gwajen farko shi ne a riƙa ƙara kabon da kashi 1 cikin 100 kowace shekara. Wanda yake da na'urar lissafi ya gwada: a shekara ta 70 ya ninka.

Wannan tazara ta 1.8 zuwa 5.6 da ta dame ka, ba don CMIP ba da ba ka ma san da ita ba. Da kowace ƙasa lambarta za ta riƙe ta ce ita ce daidai.

Dakta:
Baba ya faɗi asalin. In ƙara da yadda abin yake a CMIP6, wanda rahoton 2021 na IPCC, kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi, ya yi amfani da shi. Duk cibiyar da za ta shiga sai ta yi gwaji huɗu na dole. Na farko AMIP ɗin da Baba ya ambata. Na biyu a bar manhaja ta yi aƙalla shekara 500 da iskar zamanin kafin masana'antu, ba a taɓa komai. Na uku ƙarin kashi 1 cikin 100 a shekara. Na huɗu a ninka kabon sau huɗu farat ɗaya a bar ta shekara 150. Sannan a yi gwajin tarihi daga 1850 zuwa 2014, da hayaƙin masana'antu da aman wutar duwatsu da sauyin hasken rana kamar yadda suka faru.

Gwaji na biyun nan mutane sukan raina shi, alhali ni shi nake fara dubawa. Ba a canza komai ba, don haka bai kamata duniyar manhajar ta riƙa ɗumama ko sanyaya ba. In ka ga zafin ƙasan teku yana hawa sannu a hankali shekara ɗari bayan ɗari, to akwai inda lissafin yake yoyo. A shekarun 1990 manhajoji da yawa sai da aka riƙa yi musu ciko da hannu a tsakanin teku da sama kafin su tsaya. Yau galibinsu sun rabu da wannan cikon.

Injiniya:
Na gode Baba, na gode Dakta. Na karɓi wannan. Amma gwajin tarihin fa? Masu haɗa manhajar sun riga sun san yadda zafi ya hau daga 1850 zuwa yau. Wanda ya ga amsa kafin ya shiga ɗakin jarrabawa, cin da ya yi ba ya nuna ƙwazo.

Dakta:
Nan kam ka kama gaskiya, Injiniya, kuma ba zan kare abin da ba ya karuwa ba.

Manhajar tana yanka duniya ne gida-gida, kowane gida faɗinsa wajen kilomita 100. Girgije kuwa bai kai haka ba, ballantana ɗigon ruwan da ke cikinsa. Don haka ba a lissafa girgije ɗaya-ɗaya, ana rubuta ƙa'ida ce da ke cewa in danshi da zafin gidan sun kai kaza, gajimare zai rufe kashi kaza. A cikin waɗannan ƙa'idoji akwai lambobin da awo bai tsayar da su daram ba, ya ba da iyaka ne kawai. Masu manhaja sukan murɗa su a cikin wannan iyaka har zafin da ke shigowa daga rana ya daidaita da wanda ke fita. Shekaru da dama ba a cika rubuta yadda aka yi murɗin ba. Daga baya aka fara fitowa fili. Cibiyar Max Planck ta Hamburg ta rubuta cewa a lokacin gyaran manhajarta ta CMIP6, wani samfurinta ya ba su ƙarin wajen digiri 7 in an ninka kabon, suka gyara ƙa'idojin gajimare da gangan har ya sauko wajen 3 domin ya dace da ɗumamar da aka auna. Ni ina girmama su da suka faɗa, amma ma'anarsa ita ce dacewar wannan manhaja da tarihi ba sabuwar shaida ba ce.

Akwai kuma wani tarko. Ƙurar hayaƙin masana'antu tana sanyaya duniya. Manhajar da kabon ke ɗumamawa sosai, in ƙurar ma tana sanyaya ta sosai, za ta iya bin layin tarihi daidai da wadda duka biyun ke da rauni a cikinta. A baya sun yi kama, a gaba in ƙura ta ragu sai su rabu.

Saboda haka ake neman jarrabawar da ba a ga amsarta ba. Bayan dutsen Pinatubo na ƙasar Filifins ya yi aman wuta a 1991, ƙungiyar Hansen ta yi hasashen duniya za ta yi sanyi da wajen rabin digiri, aka kuma ga kusan hakan a 1992. Zeke Hausfather da abokansa sun ɗauko tsofaffin hasashe 17 tun daga shekarun 1970 suka gwada da abin da ya faru. Goma sun dace kai tsaye, da aka yi la'akari da ainihin hayaƙin da aka fitar kuwa suka zama 14. Sai kuma zamanin ƙanƙara na ƙarshe, wajen shekara 21,000 da suka wuce. Da aka sa manhajar CESM2 ta Amurka, wadda ke ba da fiye da digiri 5, ta kwaikwayi wancan zamani, sai ta yi sanyin da ya zarce abin da lakar ƙasan teku ta nuna nesa ba kusa ba. Masu ita da kansu suka wallafa haka.

Ɗan Lissafi:
Ni zan koma kan maganar malaminki ta uwa ɗaya uba ɗaya, domin a nan ne matsakaicinki ya fi rauni.

A lissafi, matsakaicin awo 24 ya fi awo ɗaya ƙarfi ne idan kuskuren kowanne daban yake, wannan ya zarce wancan ya gaza, su kashe juna. In kuskurensu iri ɗaya ne, ko dubu ka tara yana nan. To dubi jerin naki. Manhajar tekun nan NEMO tana cikin IPSL da CNRM na Faransa, da EC-Earth ta haɗin gwiwar ƙasashen Turai, da CMCC ta Italiya, da HadGEM3 da UKESM na Birtaniya. ACCESS ta Ostareliya sashen samanta daga Birtaniya aka ɗauko shi. NorESM ta ƙasar Nowe da TaiESM ta Taiwan daga CESM suka samo asali. Wata cibiyar ma takan zuba manhaja ɗaya sau biyu, mai manyan gidaje da mai ƙanana, a ƙirga su biyu. Reto Knutti da abokansa sun zana bishiyar zuriyar manhajojin a 2013, kuma abin sha'awa, daga sakamakon kaɗai suka iya gano 'yan uwa, ba sai sun duba sunaye ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Akwai kuskuren da kusan dukkansu suka gada. Da yawa suna zana ɗamarar ruwan sama biyu a tekun Fasifik a inda ta kudun ba ta kai haka ƙarfi ba a zahiri, kuma wannan aibi ya bi su daga zagaye na uku, CMIP3, har CMIP6. Matsakaici ba ya wanke irin wannan.

Duk da haka kada a ce na ce matsakaici banza ne. In aka gwada da yanayin yau da aka auna, sau da yawa matsakaicin ya fi kowace manhaja guda kusa da gaskiya. Abin da nake ƙi shi ne a ce "manhajoji 20 cikin 24 sun yarda" kamar shaidu 20 ne da ba su san juna ba.

Mai Kula da Taska:
'Yar uwa, kafin a kai ga falsafa, ina da tambayoyi na ƙasa-ƙasa, domin aikina ke nan kullum. Manhaja ɗaya akan kunna ta sau da yawa, kowane karo ana kiransa zubi, to wane zubi kika ɗauka daga kowace manhaja? Kin duba kalandarsu? HadGEM3 da UKESM shekararsu kwana 360 ce, kowane wata kwana 30, har da 30 ga Fabrairu. Wasu kwana 365 ne ba shekara mai tsalle. In kina ƙirga ranakun zafi a shekara ba ki lura ba, kin gwada mudu da tiya. Ruwan sama kuma, wanda aka sa wa suna pr a fayil, ba a milimita yake ba. Kilogiram ne a kowace murabba'in mita a daƙiƙa, sai kin ninka da 86,400 ki samu milimita a rana. Na taɓa kwana biyu ina neman dalilin da wata taswira ta fito fari fat, ashe wannan ninkin ne ya faɗi daga layin lissafina.

Mutane ba sa ganin wannan ɓangare na haɗin kan, amma shi ne ƙashin bayansa. Cibiyoyi a Beijing da Paris da Boulder sun yarda zafin iskar kusa da ƙasa sunansa tas, ma'auninsa Kelbin, nau'in fayil ɗinsa kuma NetCDF. Kuma taskar ba wuri ɗaya take ba, tana warwatse ne a kwamfutocin Amurka da Jamus da Birtaniya da Faransa da Ostareliya da sauransu, tsarin ESGF ya ɗinke su kamar ɗaya. Taskar CMIP3 ba ta wuce 'yan gomiyoyin terabait ba. Ta CMIP6 da fetabait ake auna ta, kowane ɗaya terabait dubu.

Ɗalibar Yanayi:
Yaya, Allah ya saka da alheri. Ninkin 86,400 na yi shi. Kalanda kuwa ban duba ba, amma yanzu da na koma jerin sai na ga babu UKESM ko CNRM ko ɗaya a ciki. Na tace ne da lambar zubi r1i1p1f1 da ke cikin sunan fayil kawai, domin an ce mini shi ne zubi na farko.

Mai Kula da Taska:
To ga shi nan. CNRM da UKESM zubinsu da f2 yake ƙarewa, HadGEM3 kuma f3. Matatarki ta zubar da su ba ki sani ba, kuma dukkansu suna cikin masu zafi. Kin riga kin yi zaɓen da kike tsoron yi, sai dai ba ke kika yi shi ba, sunan fayil ne ya yi miki.

Harafin r ɗin nan kuma ki san ma'anarsa. Manhaja ɗaya ce ake sake kunnawa daga mafari daban. A wani gwaji na CESM an yi zubi 40, bambancin mafarinsu bai kai kashi ɗaya cikin tiriliyan na digiri ba, amma bayan shekaru wani yanki ya ɗumama sosai a wannan zubi, a wancan kuma da ƙyar ya motsa. Wannan rawar yanayi ce ta kansa. In zubi ɗaya kika ɗauka, wani ɓangare na abin da kike kira saɓanin manhajoji wannan rawar ce kawai.

Baba Tsohon Malami:
'Yata, kin ga amfanin tambaya. Dakta, ka yi mana bayanin masu zafin nan. Me ya sa sababbi suka fi tsofaffi zafi? A CMIP5 na tuna iyakar ta tsaya ne wajen 2.1 zuwa 4.7.

Dakta:
Ranka ya daɗe, gajimare ne, musamman na ƙasa-ƙasa da ke kan tekun kudu mai kewaye Antatika. Tauraron ɗan adam ya nuna cewa girgijen can yana riƙe da ɗigon ruwa da bai daskare ba duk da sanyin ya wuce sifili, alhali tsofaffin manhajoji ƙanƙara suke sa masa da yawa. A tsohon lissafi, in duniya ta ɗumama ƙanƙarar takan narke ta koma ruwa, girgijen ya ƙara haske ya mayar da hasken rana, sai ya zama birki. Da aka gyara aka sa ruwan tun farko, birkin ya ragu. Mark Zelinka da abokansa ne suka bi diddigin wannan a 2020. Wato gyara na gaskiya aka yi a wuri ɗaya, ya tona wani kuskure da ke ɓoye a wani wurin.

IPCC a 2021 ba ta ɗauki matsakaicin manhajoji a matsayin amsa ba. Ta haɗa ilimin yadda gajimare da tururi ke aiki, da ɗumamar da aka auna, da shaidar zamanin da, ta ce mafi kusa digiri 3 ne, mai yiwuwa tsakanin 2.5 da 4. CanESM5 ta Kanada mai 5.6 da INM ta Rasha mai 1.8 duk sun faɗa waje.

Shawarata gare ki biyu ce. In dole sai kin faɗi shekara, ki tace da ma'aunin da kika rubuta tun kafin ki ga sakamako. Misali, ɗumamar da manhaja ta yi a shekara ta 70 ta gwajin kashi 1 cikin 100, wadda IPCC ta ce mai yiwuwa tana tsakanin 1.4 da 2.2. Wannan ba son rai ba ne, tunda ƙa'idar ta riga amsar. In kuma ba dole, ki bar maganar shekara. Ki nemo a kowace manhaja shekaru 20 da duniyarta ta kai ƙarin digiri 2 a kan na 1850 zuwa 1900, ki kwatanta su a wannan mataki. Mai zafi za ta iso da wuri, mai sanyi a makare, amma duka za su ba ki hoton duniya mai ƙarin digiri 2.

Ɗan Lissafi:
Dakta, a kan tacewar nan ina da ja, da girmamawa. IPCC ɗin da kanta ba ta kore yiwuwar wuce digiri 5 ba, ta ce dai da wuya. Mai gina madatsar ruwa da abin da ke da wuya amma mai halakarwa yake lissafi. In kowa ya zubar da masu zafi, wa zai nuna mana kamannin wannan duniyar? Na biyu, aikinta har da ruwan sama. Manhaja tana iya cika zafi amma ta fi kowa iya damina, wata kuma lambarta 3 cif amma iskar damina ba ta kai inda ya kamata a cikinta. A CMIP3, manhajar GFDL ta Amurka ta nuna yankin Sahel zai bushe ƙwarai, MIROC ta Japan ta nuna zai jiƙe ƙwarai. Ka haɗa su ka raba biyu ka samu kusan sifili, ka rubuta "babu sauyi", abin da ko ɗayansu bai faɗa ba.

Dakta:
Ban musa ba. Shi ya sa na fi son hanya ta biyu, ba ta zubar da kowa. A ruwan sama kuma kada ta nuna matsakaici shi kaɗai, ta nuna kowace manhaja da taswirarta.

Injiniya:
Na sauko daga inda na fara, amma ba duka ba. Abin da ya rage mini shi ne su wa ke zaune a teburin. Galibin manhajojin daga Turai da Arewacin Amurka da gabashin Asiya suke. Wanda ya gina abu, yanayin da ya sani zai fi kula da shi.

Dakta:
Haka ne, kuma kuɗin kwamfuta ne babban shinge: in ka rage faɗin gida da rabi, aikin yakan ninka wajen sau takwas zuwa goma. Indiya ta shiga da tata manhajar, IITM-ESM ta birnin Pune, a karon farko a CMIP6. Shirin CORDEX da aka fara a 2009 yana ɗaukar sakamakon ya tace shi yanki-yanki zuwa kilomita 50 ko 25, kuma da Afirka ya fara. Tun 2022 CMIP ta samu ofishinta na dindindin a Harwell ta Ingila, ƙarƙashin hukumar sararin samaniya ta Turai, ana kuma kan aikin CMIP7. Amma ƙarancin tashoshin awo a wasu yankuna ya fi damuna, domin ba ka iya cewa manhaja ta yi kuskure a inda ba ka da abin gwada ta.

Ɗalibar Yanayi:
Na gode muku duka, Allah ya ƙara basira. Zan sake sauke bayanan har da masu f2 da f3, in daidaita kalanda, in koma kan matakin digiri 2 maimakon shekarar 2100, in kuma raba manhajojin gida-gida kafin in ƙirga masu cewa ruwa zai ƙaru da masu cewa zai ragu. Saura abu ɗaya, Malam Ɗan Lissafi. Wajen raba gidajen, da sashen teku zan bi ko da na sama? IPSL da UKESM tekunsu ɗaya amma samansu daban.

Ɗan Lissafi:
Tunda ruwan sama da zafin kan tudu kike nema, bi sashen sama, can ne ƙa'idojin gajimare suke. ACCESS-CM2 ta zauna da HadGEM3 da UKESM, TaiESM da CMCC su zauna kusa da dangin CESM, IPSL ta tsaya ita kaɗai. Ki fitar da matsakaicin kowane gida tukuna, sannan ki kwatanta gidajen. Ki rubuta jerin a babin hanyar bincike, kowace manhaja da lambar zubinta, domin malaminki ya ga wa kika sa a ina.